Atu mai daddawa da baƙuwar lamba

Duk wanda ya taɓa sayen daddawa a kasuwar Tambuwal, layin mata can bayan masu tattasai, to ya san Inna Atu ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce siririya, tafin hannunta ya rine saboda kalwa, kuma ba ta kiran mai saye, zaune kawai take gaban ƙwaryarta, in ka zo ka zo in ba ka zo ba ita ba ruwanta, amma fa kafin la'asar ƙwarya ta ƙare tas. Haifaffiyar Dogon Daji ce, aure yak kai ta wani ƙauye gefen Kebbe, can tak koyi daddawa wurin uwar mijinta, a dafa kalwa a surfe a wanke a rufe da ganye har ta yi wannan warin da in ya bugi hancinka sai yunwa ta tashi. Da mijin yar rasu, da daddawar nan tar riƙe gida har ta aurar da 'yan matanta duka.

Namiji guda gare ta, kuma shi ne na fari, Ladan. To ka san yadda abin yake, balle ita da kakarta Bafillata ce. Ɗan fari uwa ba ta faɗin sunanshi, ba ta kallonshi ido cikin ido, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba. Tun yana jariri in yana kuka gaban mutane sai dai wata ta ɗauka ta miƙa mata, ita ko ta amsa tana kallon bango awa ajiyar wani anka ba ta. Ya girma ya yi gemu ya yi aure, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, in dole ta kama sai ta ce wancan, ko ta ce na gidan nan. Kuma kada ka ce ba ta son shi, wallahi tuwon da ta fi gyarawa nashi ne, sai ta aje bakin ƙofarshi ta wuce awa mantuwa tay yi.

Ladan ɗan ci-rani ne. In an gama kaka sai ya ɗaure kaya ya bi mota Legas, dako yake yi a kasuwar kayan gwari, ruwan fari na faɗuwa kuma sai ga shi da sabuwar fartanya. Shi yas saya ma uwarshi waya, 'yar ƙarama mai madannai, yad ɗinka mata 'yar jaka ta rataya a wuya. Tashi wayar ko an sace an sake sacewa a inda suke kwana, har yac ce ya bar saye, in yana son jin gida sai ya ari ta duk wanda ke kusa, yau ta direba gobe ta mai shayi, lambar uwar kawai ce ya haddace a kai. Saboda haka kiran Ladan kullum da baƙuwar lamba yake zuwa, ba suna ba komi.

Kuma ka ga yadda ake yi. Waya ta yi kuka, Inna Atu ta goge hannu a zane ta danna kore ta kara a kunne, ta yi shiru. Shi ko daga can ya fara, Inna ina wuni, ya jiki, ya daddawa, ya mutanen gida, ya ƙafar taki. Ba ta cewa uffan, iyaka ta yi gyaran murya sau guda don ya san tana nan. In ya gama jera gaisuwa sai ta miƙa wayar baya ba tare da ta waiwaya ba ta ce, "Ke, zo amshi, ana son magana." Sai Mas'uda matar Ladan ta fito da sauri kanta ƙasa, don ita ma kunyar surukarta take, ta amshe ta shige ɗaki ta saki labule. Wannan 'yar gaisuwar ita ce duk rabon Inna Atu a cikin ɗanta, kuma ta ishe ta, ranar da ta ji ta har waƙa take yi ƙasa-ƙasa tana surfe.

Sai masu talla sunka samu lambar. Ba wanda ya san a ina. Da farko muryar na'ura ce, ta yi sallama mai kyau awa mutum, sannan ta ce danna ɗaya ka sa waƙa a layinka, danna biyu ka shiga gasar cin mota. Inna Atu ta bar kalwa kan wuta ta ruga, ta kara a kunne ta yi shiru tana jiran ina wuni, sai kiɗa. Ga ta ba ta iya kashe ma wanda yay yi mata sallama waya, sai ta tsaya har na'urar ta gaji don kanta. Daga baya kuma mutane na gaske sunka fara, mai maganin basir, mai maganin sanyi, mai filaye a Abuja, masu ba da rance, kowa Mama Mama awa ita ta haife shi. Tana salla waya na kuka, tana wanke kalwa waya na kuka, caji ya ƙare tun azahar a aika wurin mai sola, duk tsawon lokacin da wayar take can hankalinta na can, ko yanzu ne wancan zai kira.

Wata rana wani mai kaurin murya yac ce, "Inna ina wuni, ya jiki," daidai yadda Ladan ke farawa. Inna Atu tay yi gyaran murya, tam miƙa ma Mas'uda. Mas'uda tas shige ɗaki tana gyara ɗankwali, ba a jima ba sai ga ta ta fito fuska awa an watsa mata ruwan zafi, ta aje wayar kan turmi.

"Mi yac ce?" Inna Atu tat tambaya tana kallon murhu.

"Ba shi ba ne Inna."

"To wa?"

"Wani ne mai maganin maza. Wai in saya ma mai gida."

Maƙwabciyarsu da ta shigo aron rariya tay yi dariya har da zama ƙasa, amma su biyun ba wadda tay yi.

A shekarar nan ne Ladan bai dawo damina ba. Ruwan fari yaf faɗi, na biyu yaf faɗi, sa'o'inshi duk sun dawo sun yi shuka, shi shiru. Da yak kira yac ce ma Mas'uda aiki ya buɗe mishi ne, wani mai sito ya ɗauke shi, in ya bari wani zai maye, a yi haƙuri bana a ba wani aron gonar. Ashe Namadi na tsakar gida yana cin ɗumame. Namadi ƙanen Inna Atu ne, ɗan kabu-kabu, shi ke kai ta Tambuwal ranar kasuwa, mutum ne mai kirki amma baki gare shi da saurin hawa. Yat tashi yaf fizge wayar ta bayan labule.

"Kai Ladan! Gonar ubanka za a ba aro kana raye? Tsohuwar ga da ciwon ƙafa ita za ta yi maka noma? To ji nan, in ba ka dawo ba kada ka ƙara kiran gidan ga, mu ma mun huta da jin muryarka."

Yak kashe. Inna Atu na nan tana tankaɗe, hannunta yat tsaya cak, amma mi za ta ce? Ta ce ma ƙanenta kada ka yi ma ɗana haka? Bakinta ba ya iyawa. Sai tac ce, "Ɗumamen ya huce Namadi," shi ke nan.

Ba a daɗe ba sai ga kiran da yaj ja komi. Wannan karon ba baƙuwar lamba ba ce ma, suna yaf fito a fuskar wayar, Mas'uda da ta ɗan yi firamare tak karanta, wai ofishin tallafi. Mutumin yay yi magana a natse da Hausa mai kyau, yac ce sunan Inna Atu ya fito cikin tsofaffi masu sana'a da za a taimaka mawa, a ɗauko katin bankinta a karanto mishi lambobin gaba da na baya. Akwai katin, Ladan ne ya buɗe mata don aike. Mas'uda har ta ɗauko ta fara karantawa sai ga ƙarar babur, Namadi yas shigo ɗaukar ƙwarya. Yana jin abin da ake yi yad daka tsawa, yaƙ ƙwace wayar, yaz zazzagi mutumin har mutumin yar rama sannan yak kashe.

"Amma Kawu suna fa yaf fito," in ji Mas'uda, "da idona nig gani."

"Suna! Wa yac ce maki ɓarawo bai iya sa suna? Ke ko Adda Atu, gobe in mun tafi Tambuwal wayar ga za a gyara ta, na gaji."

Kashegari bayan ta sai da daddawa yaj ja ta rumfar Aminullahi mai gyaran waya, kusa da tasha. Rumfar cike da maza, 'yan kabu-kabu da masu jiran caji, rediyo na ta magana. Inna Atu tat tsuguna gefe ta ja mayafi. Namadi yab ba da labari da ƙari. Aminullahi yac ce ai wannan kuka kowa shi yake yi, hukumar sadarwa ma ta fitar da wata lamba da ake tura ma saƙo don kamfani ya bar damun mutum da talla, zai tura mata yanzu, amma fa gaskiya wannan na kamfani kaɗai take tarewa, masu magani da masu rance da ɓarayi da layinsu na kansu suke kira awa kowa, ba ta hana su.

"To mi ne amfaninta?" in ji Namadi.

"Akwai wata dabara cikin wayar kanta. In na kunna, duk lambar da ba a aje da suna ba, ba ta shigowa, ko kuka wayar ba ta yi. Mai kira zai ji an katse kawai."

"Yawwa! Ita nika so. Kunna."

Aminullahi ya san aikinshi, bai kunna kai tsaye ba. Yaj juyo yac ce, "Inna, akwai wani naki da ka kiranki wanda sunanshi bai cikin wayar? Faɗa mini in sa shi tukuna."

Duk rumfar na jiranta. Ta san amsa, wallahi ta sani. Amma ta buɗe baki gaban maza baƙi ta ce ɗana na fari, ta faɗi yadda yake kira, ta nuna ma duniya kiranshi take jira? Tad dubi Namadi ko zai faɗa. Shi ko Namadi ya leƙa wayar ya ga sunan Ladan na ciki, bai tuna tsohuwar lambar ce da anka sace ba, yac ce, "Duk suna ciki, ni da 'yan matanta da shi wancan mai taurin kan." Aminullahi yas sake tambaya, "Inna, haka ne?" Tac ce, "Babu kowa," murya ƙasa. A ranta tana cewa ai ba ta gane zancen sosai ba, ƙila masu talla kaɗai wayar za ta gane ta tare, waya ai ta san muryar mai ita.

Sai waya tay yi shiru. Kwanakin farko har daɗi anka ji, caji na kwana ya wuni, kalwa ba ta ƙonewa, Namadi na ta yabon kanshi a majalisa. Amma anka yi noman fari anka yi maimai, Ladan bai kira ba. Gero yaf fid da kai, bai kira ba. Inna Atu takan ciro wayar daga jaka ta duba ko ta mutu, ta ga tana haske, ta mai da. Takan tafi bayan gida kan tudu inda sabis ya fi ƙarfi ta tsaya awa itace take nema. Ta rame, daddawarta ma ta fara fita ba daɗi, wata mai saye tac ce mata Atu wannan ba hannunki ba ne.

Kuma abin da ya fi ciwo, ga su su biyu cikin gida guda ciwonsu guda, amma ba mai iya taɓa zancen. Mas'uda ba ta iya tambayar surukarta ko mijina ya kira, rashin kunya ne. Inna Atu ba ta iya tambayar kowa labarin ɗan fari. Sai a zauna ana tsince kalwa, waya na rataye tsakaninsu, a yi zancen ruwa a yi zancen akuya. Mas'uda a ranta ta gama yankewa ya yi aure a can ne, takan shiga ɗaki ta fito ido jawur ta ce hayaƙi ne. Sau guda Inna Atu ta daure tac ce ma Namadi, "Wayar ga kwana biyu ba ta kuka." Yac ce, "Ai shi munka so. In ko wancan kika nufi, fushi shika yi don na faɗa mishi gaskiya, ƙyale shi, yunwa za ta koro shi." Daga nan ba ta ƙara ba.

Bayan an yanke gero sai Shaihu yad dawo. Shaihu abokin Ladan ne tun ƙuruciya, tare suke dako, buhu ne yaf faɗo mishi a kafaɗa yaz zo gida a yi mishi ɗori. Yaz zo gaisuwa hannu rataye, yat tsuguna bakin zaure, Namadi na nan, Mas'uda na bayan zana tana ji. Anka gaisa, anka yi mishi sannu. Sai yana wasa da ƙasa yac ce,

"Inna, ni fa ban ji daɗin abin da kunka yi ma Ladan ba. Ko laifi yay yi ai ya isa haka."

Namadi yac ce, "Mu mi munka yi mishi? Shi da yaƙ ƙi kira?"

"Yaƙ ƙi kira? Kawu, wayata nawa yac cinye ma caji! Ba wayar da bai ara ba a kasuwar nan. Da ya danna sai a katse, ko shiga ba ta yi. Ya canza wata, a katse. Da farko yac ce sabis ne, daga baya yac ce a'a, Kawu ya ce kada ya ƙara kira, kuma da Inna ba ta yarda ba da ba a yi ba. Nac ce mishi ya aiko da saƙo ta bakin wani, yac ce wanda uwarshi ta rufe ma ƙofa ba shi leƙowa ta taga. Na ga Ladan zaune kan buhun albasa yana kuka awa yaro."

Namadi yac cire hular kanshi yana murzawa. Bayan zana anka ji Mas'uda ta fashe da kuka, yau ba zancen hayaƙi. Inna Atu ko tana zaune, kallon bango take, amma hannunta ya kama jakar wayar ya matse.

"Yanzu shina ina?" in ji Namadi. "Kira muna wani na kusa da shi."

"Ai bai Legas. Ya bi wasu 'yan haƙar zinari, sun ce Mali za su, daga can ma ƙila su wuce. Ba mai lambarsu. Ranar da za shi tafi yac ce mini in ya samu wurin zama zai gwada sau guda daga can, in an katse to shi ke nan ya san matsayinshi." Shaihu yaƙ ƙara da cewa, "Kuma yac ce abin da ya fi damunshi, ko da can da ake ɗauka Inna ba ta magana, bai taɓa sanin ko tana murna da shi ko haƙuri kawai take ba."

Ba ta jira ranar kasuwa ba. Tat tashi tad ɗauki mayafi tac ce, "Namadi, tada babur." Hanyar Kebbe zuwa Tambuwal duk ramuka ce bayan damina, Namadi na tuƙi yana ta Adda ki yafe mini, Adda ban sani ba, har sunka isa. Aminullahi yana jin labari yad dafe kai yac ce, "Inna ai na tambaye ki." Tac ce, "Ka tambaya. Buɗe." Yab buɗe. Sai tac ce mishi, ita da ba ta yawan magana da maza, "Ɗan nan, ba yadda za a yi wayar ta rarrabe mini, wanga mai talla ne, wanga mutum ne?" Yac ce manyan waya suna da abin da ke nuna sunan mai kira, amma shi ma ana yi mishi ƙarya, ba ga ofishin tallafi ba, sai dai in hukuma ta tilasta ma duk mai talla ya riƙa fitowa da sunanshi na gaskiya, wanda yay yi ƙarya a kama shi, ana dai ta faɗi a rediyo. Wani ɗan kabu-kabu yac ce kafin a yi haka jikokinmu sun yi furfura. Anka yi dariya, ban da ita.

Kafin su fita gari waya ta fara kuka. Tat taɓa kafaɗar Namadi yat tsaya gefen titi, mai maganin basir ne. Haka anka koma gidan jiya har ya fi, don masu tallan awa sun tara kiran da sunka rasa ne. Yanzu ba ta bari a kai wayar caji sai ta bi ta, ta zauna gaban mai sola tana gadi. Ta bar zuwa gulbi wanke kalwa don can ba sabis, Mas'uda ke zuwa. Kuma duk kiran da yas shigo zancen Shaihu ke dawo mata, bai taɓa sani ba, bai taɓa sani ba. In ta ɗauka tay yi shiru awa da, shi kuma yana can wata ƙasa da wayar aro, ya ji shiru, ba zai ce fushin ne ba ya kashe?

Ranar wata kasuwa tana zaune a layin mata, rana ta take, ga masu saye tsaye, ga mata 'yan garinsu hagu da dama, har da wata tsohuwa dangin mijinta, sai waya tay yi kuka. Tam miƙa ma wata yarinya da ke sayen daddawa tac ce duba mini. Yarinyar tac ce, "Lambar doguwa ce Inna, ba irin tamu ba, awa ta waje." Inna Atu taf fizge tad danna kore, tat tashi tsaye ƙwarya ta kife, kuma da ƙarfi, muryar da ba wanda ya san tana da ita, tac ce,

"Ladan! Ladan ni ce, uwarka ce, kada ka kashe! Ban yi fushi ba Ladan, ban taɓa yi ba!"

Tsohuwar nan dangin mijinta tar rufe baki da mayafi. Kuma da yake garin fizga ta danne abin ƙara murya, kowa yaj ji amsar, kiɗa ne yat tashi, sannan muryar mace ta na'ura tay yi sallama tac ce albishirinka, an zaɓi lambarka, danna ɗaya.

Ba wadda tay yi dariya, gara ma da an yi. Mata sunka duƙa suna tsince mata daddawa daga ƙasa suna hure ƙura, ba mai kallon fuskarta. Ita ko tana tsaye da waya a kunne har na'urar ta gama ta kashe don kanta. Sunan da ta riƙe tun da ta haife shi, ta zo ta zubar da shi tsakiyar kasuwa, kuma ba mai shi ne yaj ji ba.

Kafin ta koma gida labari ya riga ta. Wasu sunka ce tsufa ne, wasu sunka ce Atu ta taɓu, wasu tsofaffi sunka ce zamani ya lalace tunda har irin su Atu sun fara. Amma tun daga ranar, tunda ya riga ya fita, duk kiran da yaz zo da baƙuwar lamba da sunan take ɗauka, gaban kowa, ko cikin gidan biki ko bakin rijiya. Mas'uda in ta ji kukan waya takan saki abin da take yi ta zo ta tsaya kusa, ba ta ƙara ɓuya bayan labule, su kara kunne tare. An shiga rani, 'yan ci-rani sun sake tafiya, Shaihu ma kafaɗa ta warke ya koma, Namadi ya bi duk wanda anka ce ya taɓa zuwa haƙar zinari yana ba da lamba. Har yau Ladan bai kira ba, ko kuma ya kira lokacin da wani mai talla ya riƙe layin, wannan ne tunanin da ke hana ta cin abinci.

Kwanan baya wata yarinya ce tak kira, mutum ba na'ura ba, murya siririya awa ta gaji da aikin. Inna Atu tac ce, "Ladan?" Yarinyar tac ce, "A'a Mama, ba Ladan ba ne, daga kamfaninmu ne, muna da wani tsari na musamman don 'yan kasuwa irinku."

Inna Atu tac ce, "Tsaya ɗiyata, in tambaye ki. Wa yab ba ku lambata?"

"Mama, muna da lambobin mutane da yawa ne a wurinmu."

"Na kowa da kowa?"

"Kusan haka Mama."

"To don Allah don Annabi duba mini. Ku da kuka da ta kowa, ba ku da tashi? Sunanshi Ladan, dogo ne, yana da tabo a gira, an ce Mali yat tafi. In kin samu ki ce mishi an buɗe wayar."

Ana jin hayaniyar wasu masu kira a bayan yarinyar. Can tac ce, "Allah ya bayyana shi Mama," sai layin yak katse.